ƊIGO DA LAYI: ALAMOMIN AWO A ZANEN ALƘALUMA, DA MISALAI DAGA ƘASAR ZAMFARA

1.0 Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani ɗan ƙaramin abu ne wanda galibin masu karanta rahotanni ba su cika kula da shi ba, watau alamar da ake ɗorawa a kan layi a cikin zanen alƙaluma. Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton ma'aikatar gona, ko ta lafiya, ko kundin ɗalibin jami'a, ya ga irin wannan zane: layi yana hawa yana sauka, yana nuna yawan ruwan sama, ko farashin buhun gero, ko nauyin jariri wata bayan wata. A kan layin kuwa akan ga 'yan alamomi, wasu da'ira, wasu murabba'i, wasu masu kusurwa uku. Manhajojin lissafi na kwamfuta sun ba mai zane ikon sauya siffar waɗannan alamomi da girmansu da launinsu yadda ya ga dama, kuma ɗalibai da yawa sun ɗauki wannan iko a matsayin kwalliya kawai.

Abin da za a nuna a nan shi ne cewa alamar shaida ce. Ita ke gaya wa mai karatu inda aka yi awo da gaske, da inda aka yi ƙiyasi, da inda abin da ake aunawa ya fi ƙarfin ma'aunin. Za a fara da bambancin ɗigo da layi, sa'an nan a bayyana yadda ake sarrafa alamomin a manhaja, daga nan kuma a kawo misalai uku daga ƙasar Zamfara, watau ruwan sama, da farashin hatsi, da gubar dalma.

2.0 Bambancin Ɗigo da Layi

Zanen layi ya yaɗu ne daga aikin William Playfair, mutumin ƙasar Sukotland, wanda ya buga wani littafi a 1786 yana nuna cinikin Ingila da sauran ƙasashe shekara bayan shekara. Tsarin bai canja ba har yau. Akwai layin kwance, wanda galibi yake nuna lokaci, akwai kuma layin tsaye, wanda yake nuna adadi. Kowane awo yana da wurinsa guda a tsakanin waɗannan layuka biyu, kuma a nan ake sa ɗigo. Bayan an gama sa ɗigogin sai a ja layi a haɗa su.

To, a nan ne ya kamata a lura. Idan an auna abu sau goma sha biyu a shekara, ɗigo goma sha biyu ke nan. Layin da ya haɗa ɗigon Yuni da na Yuli ba wanda ya auna shi. Mai zane ne ya ja shi domin ido ya sami abin bi. Idan aka share ɗigogin aka bar layin shi kaɗai, mai karatu ba shi da hanyar sanin ko kullum aka yi awon, ko sau ɗaya a wata, ko kuwa sau uku kawai a shekarar duka.

Ma'aikatan lafiya na ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan a aikace. Katin awon jarirai da ake ba iyaye mata a asibiti ya samo asali ne daga aikin Likita David Morley a Imesi-Ile, kusa da Ilesha, tun daga ƙarshen shekarun 1950. Ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye, a Ruwan Bore ko a wani ƙauyen Bungudu, idan ta ɗora yaro a kan sikeli sai ta sa ɗigo a gidan watan da ake ciki. Idan uwar ta yi wata uku ba ta kawo shi ba, tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo za ta tona hakan, ko da an ja layi an haɗa su. Abin da take yi da biro shi ne ake buƙatar mai aiki da kwamfuta ya yi da manhaja.

3.0 Ƙaramar Alama a Rubutun Hausa

Bahaushe bai kamata ya raina ƙaramar alama ba, domin rubutunsa iri biyu duk a kanta suka dogara. A ajami, jikin harafin ba da na ta iri ɗaya ne. Ɗigo ɗaya a ƙasa da ɗigo biyu a sama su ne suka raba su. A boko kuwa, 'yar lanƙwasa ce ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɓata da bata. Wanda ya buga wasiƙa ya bar lanƙwasar ya jefa mai karatu cikin kirdado.

Har ila yau akwai wani darasi a ajamin. A salon rubutun Magariba, wanda shi ne aka saba da shi a makarantun allo na ƙasar Hausa, harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, harafin ƙaf kuma ɗigonsa ɗaya ne a sama. A salon rubutun Gabas kuwa, fa ne mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Watau ke nan harafi guda mai ɗigo ɗaya a sama, almajirin allo zai karanta shi ƙaf, wanda ya koyi rubutun Misra zai karanta shi fa. Alama ba ta da ma'ana sai wadda aka yi ittifaƙi a kanta. Saboda haka ne kowane zane yake buƙatar mabuɗi, watau ɗan akwatin da ake sawa a gefe a bayyana abin da kowace alama take nufi.

4.0 Yadda Ake Sarrafa Alamomi a Manhaja

Manhajoji uku ne aka fi amfani da su wajen irin wannan aiki a sassan kimiyya da injiniya. Ta farko ita ce MATLAB, wadda Cleve Moler ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1970 domin ɗalibansa a Jami'ar New Mexico ta Amurka, aka kuma kafa kamfanin MathWorks a 1984 domin sayar da ita. Ta biyu ita ce R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990. Ta uku ita ce Matplotlib, wadda John Hunter ya fitar a 2003 domin masu aiki da harshen kwamfuta na Python. Biyun ƙarshe kyauta ake samunsu.

Abubuwa huɗu ne mai zane yake iya sauyawa a jikin alama.

Na ɗaya, siffa. A MATLAB da Matplotlib harafi ɗaya ake rubutawa a cikin umarnin zane. Harafin o yana ba da da'ira, s yana ba da murabba'i, alamar ^ tana ba da mai kusurwa uku mai kallon sama, harafin v kuma yana ba da mai kallon ƙasa. Akwai kuma +, da x, da *. Idan an rubuta -o, ana nufin a ja layi a kuma sa da'ira a kan kowane awo. Idan an rubuta o shi kaɗai, da'irori za su fito ba tare da layi ba. A manhajar R kuwa lamba ake bayarwa, daga 0 zuwa 25, ta hanyar umarnin pch: lamba 1 da'ira ce fanko, 16 da'ira ce cikakkiya, 2 mai kusurwa uku ce fanko, 17 kuma cikakkiyarta.

Na biyu, girma. A MATLAB ana sauya shi da MarkerSize, kuma idan ba a faɗi komai ba manhajar za ta sa 6. Ma'aunin shi ne na masu ɗab'i, wanda guda 72 suke yin inci ɗaya.

Na uku, launin baki da launin ciki. MATLAB ta raba su biyu, MarkerEdgeColor domin bakin alamar, MarkerFaceColor domin cikinta. A R lambobi 21 zuwa 25 ne suke karɓar launi biyu. A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani: harafin o a MATLAB da'ira fanko yake bayarwa sai an ce a cika ta, amma a Matplotlib cikakkiya yake bayarwa sai an ce a bar ta fanko. Wanda ya sauya manhaja bai duba ba yana iya juya ma'anar zanensa bai sani ba.

Na huɗu, wuraren da alamar za ta fito. Idan awon ya kai dubbai, alamomin za su cushe su rufe layin. Tun daga 2016 MATLAB ta sami MarkerIndices, Matplotlib kuma tana da markevery, waɗanda da su ake cewa a sa alama a kan kowane awo na goma ko na ɗari. Wanda ya yi haka lalle ne ya faɗa a ƙarƙashin zanen, don kada a zaci iyakar awon da aka yi ke nan.

Abu na ƙarshe a wannan sashe shi ne, a MATLAB da Matplotlib layi ɗaya siffar alama ɗaya yake ɗauka. Idan ana son wasu ɗigogi su bambanta da 'yan'uwansu, sai a fara zana layin, sa'an nan a ware waɗannan ɗigogi a sake zana su a kansa da tasu siffar. Misalai biyu na ƙarshe da za a kawo duk a kan wannan dabara suka dogara.

5.0 Misali na Ɗaya: Ruwan Sama

A yankin Gusau damina takan kankama ne daga wajen Mayu ko Yuni, ta kai ƙarfinta a Agusta, ta janye a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A ɗauka malamin gona yana da ma'aunin ruwan sama a wurare uku, ɗaya a Ruwan Bore, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu, kuma yana son ya nuna ruwan kowane wata a zane guda. Da yake wuraren suna kusa da juna, layukan nan uku za su riƙa cuɗanya suna ƙetare juna.

Manhaja za ta ba kowane layi launinsa, kuma a fuskar kwamfuta abin zai yi kyau. Amma rahoton ba a fuskar kwamfuta zai tsaya ba. Za a buga shi baƙi da fari, a yi fotokwafinsa, a sake yin fotokwafin fotokwafin, kafin ya isa hannun mai yanke shawarar wane irin iri za a raba wa manoma. A lokacin nan ja da kore da shuɗi duk sun zama toka-toka. Bugu da ƙari akwai mutanen da tun haihuwa ba su rarrabe ja da kore. A tsakanin mutanen arewacin Turai sun kai kimanin namiji 1 cikin 12, kuma ana samunsu a ko'ina. Maganin abin shi ne a ba kowane wuri siffarsa: da'ira ga Ruwan Bore, murabba'i ga Tsafe, alamar + ga Bungudu. Siffa ba ta ɓacewa a fotokwafi. William Cleveland, masanin ƙididdiga na Amurka wanda ya buga littafi a kan wannan fanni a 1985, ya ba da shawarar a fifita da'ira fanko inda ɗigogi suke hawa kan juna, domin ana iya ganin ɗaya ta cikin ɗaya.

Akwai kuma bambancin sifiri da rashin awo. A watan Janairu ba a ruwa a Zamfara, saboda haka sifiri awo ne na gaskiya, kuma ya cancanci alamarsa a can ƙasan zanen. Amma idan a watan Agusta ma'aunin Tsafe ya fashe, ko mai karanta shi bai sami zuwa ba, aka rubuta sifiri, to zanen zai nuna fari a tsakiyar damina. Wanda ya zo bayan shekaru yana kwatanta wannan shekara da shekarun farin 1973 da 1984 zai gina hukuncinsa a kan abin da bai faru ba.

6.0 Misali na Biyu: Farashin Hatsi

A farkon Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan wayar salula a jihar, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Abin ya ɗauki makwanni. Duk mai tattara farashin gero da dawa da masara a kasuwannin ƙauye mako bayan mako ya sami giɓi a littafinsa, kuma giɓin ya faɗo ne daidai lokacin da sabon gero yake shigowa, lokacin da farashi ya saba sauyawa.

Hanyoyi uku ne a gaban mai zana wannan farashi. Yana iya haɗa ɗigon ƙarshen Agusta da ɗigon farko na bayan buɗe kasuwa da miƙaƙƙen layi, sai zanen ya nuna kamar farashi ya tafi sannu a hankali, alhali kuwa ba wanda ya auna shi a waɗannan kasuwanni. Yana iya sa sifiri, wanda ya fi muni. Yana kuma iya barin wurin a buɗe. Hanya ta uku ita ce daidai, kuma manhajojin duk sun tanade ta. A MATLAB da Matplotlib ana rubuta NaN a gurbin adadin da ba a samu ba, a R kuma ana rubuta NA. Da zarar manhajar ta iso wurin sai ta yanke layin, ba ta sa alama ba. Ko a Excel, wadda akawuna suka fi sabawa da ita, akwai wurin zaɓar abin da za a yi da gidan da ba kowa, ko a bar giɓi, ko a ɗauke shi sifiri, ko a haɗa da layi.

Wani lokaci kuma mai bincike yakan cike giɓin da ƙiyasi, alal misali ya tambayi 'yan kasuwa daga baya nawa suka sayar da tiya a gida, ko ya ɗauko farashin wata kasuwa ta kusa. Wannan ba laifi ba ne muddin an bayyana. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Saboda haka sai a ba farashin da aka gani a kasuwa da'ira cikakkiya, a ba wanda aka ƙiyasta da'ira fanko, a haɗa na ƙiyasin da layi mai tsinke-tsinke, a kuma rubuta hakan a mabuɗi.

7.0 Misali na Uku: Gubar Dalma

Misali na uku shi ne mafi nauyi. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a yammacin jihar. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana daka su a turmi ko a niƙa su a inji suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma ƙurarsu ce yara suke shaƙa suna kuma haɗiya. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, kuma yara fiye da 400 ne suka rasu. A binciken da aka yi a ƙauyuka biyu a wannan shekara tare da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, an sami cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Daga cikin yara 204 da aka gwada jininsu, 198 dalmar jikinsu ta kai ko ta wuce maikurogiram 45 a kowane desilita na jini, wanda shi ne matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma.

Abin da ya haɗa wannan masifa da batun lacca shi ne na'urar gwajin. Na'urar da ake ɗauka zuwa ƙauye, mai suna LeadCare II, iyakar abin da take iya karantawa shi ne 65. Idan jinin ya wuce haka ba ta ba da adadi, sai dai ta nuna cewa ya yi yawa. A Zamfara yaran da suka wuce wannan iyaka suna da yawa ƙwarai, har sai da aka ɓullo da dabarar tsarma jinin kafin a gwada, sa'an nan a ninka sakamakon.

To, a ɗauka ana zana jinin yaro ɗaya, kafin a ba shi maganin DMSA da kuma bayan kowane zagaye na maganin. Gwaji na farko ya wuce 65, na biyu ma ya wuce 65. Idan mai shigar da alƙaluma ya rubuta 65 sau biyu, manhaja ta sa da'ira biyu ta haɗa su, abin da likita zai gani shi ne layi kwance, watau kamar magani bai yi komai ba. Alhali kuwa mai yiwuwa dalmar ta sauko daga 200 zuwa 90, mai yiwuwa kuma ta ƙaru domin yaron ya koma gidan da ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba. Waɗannan hali biyu ne masu buƙatar mataki daban-daban, kuma da'irar ta ɓoye su duka.

Alamar da ta dace a nan ita ce mai kusurwa uku mai kallon sama, a ɗora ta a kan 65, a rubuta a mabuɗi cewa adadin gaskiya yana sama da nan. Kada a ja layi tsakanin irin waɗannan alamomi biyu. Sakamakon da aka samu ta hanyar tsarma jini a ba shi murabba'i, domin hanyar awonsa daban ce. Wanda na'ura ta karanta kai tsaye shi ne zai riƙe da'ira cikakkiya. Likitan da ya dubi irin wannan zane zai san nan take wane ɗigo zai dogara da shi, wane ne kuma yake buƙatar a sake gwaji. Haka nan wanda zai fitar da matsakaicin adadi na ƙauye gaba ɗaya zai gane cewa idan ya lissafa da 65 ɗin nan, ya rage girman matsalar.

8.0 Ka'idojin da Suka Fito

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ka'idoji shida. Na ɗaya, a sa alama a kan kowane awo idan awon bai yi yawa ba. Na biyu, a raba layuka da siffa, launi ya zama ƙari. Na uku, inda ba a yi awo ba kada a sa alama, kada kuma a sa sifiri. Na huɗu, abin da aka ƙiyasta da abin da ya wuce iyakar na'ura kowanne ya sami tasa alamar. Na biyar, ma'anar da aka ba alama a zanen farko ita za ta riƙe har ƙarshen rahoto. Idan da'ira ta Ruwan Bore ce a shafi na 5, kada ta koma ta Bungudu a shafi na 20. Na shida, kada siffofi su wuce huɗu ko biyar a zane guda. Idan sun wuce, a raba zanen biyu. Kafin a miƙa rahoto kuma, yana da kyau a buga shafin baƙi da fari a ba wanda bai san aikin ba, a ga ko zai iya karanta shi da mabuɗin kaɗai.

9.0 Kammalawa

An nuna a wannan lacca cewa layin da ke cikin zane mai zane ne ya ja shi, ɗigon kuwa shi ne wurin da aka yi awo. An kuma bayyana abubuwa huɗu da manhaja take ba da damar sauyawa, watau siffa da girma da launi da wurin fitowa, aka gwada su a kan ruwan sama da farashin hatsi da jinin yaran Anka da Bukkuyum. Koyon umarnin ba ya ɗaukar ɗalibi fiye da yini guda. Abin da ya fi wuya shi ne ya saba tambayar kansa, a kan kowane ɗigo, ta yaya aka sami wannan adadi. Wannan tambaya ce ya kamata malaman kimiyya da na aikin gona da na lafiya su riƙa yi wa ɗalibansu a duk lokacin da aka kawo musu zane, tun kafin su dubi inda layin ya nufa.